An Shanya Fiyanon Yoila

Motar ba ta daɗe da barin Damaturu ba wayar Yoila ta fara ruri a aljihun wandonsa. Ciro ta ma sai da ya zama aiki, domin doguwar jakar kibod ɗinsa na kwance a kan cinyoyinsa, bakinta ya kai har gwiwar matar da ke zaune kusa da shi. Ya karkata, ya ba ta haƙuri, ya zaro wayar. Lambar Kashim ce, ɗan masu gidan da yake haya a Maiduguri, amma muryar da ta fito ta mahaifiyar Kashim ɗin ce.

"Yoila, wushe. Kana hanya?"

"Ina hanya, Ya Bintu. Yanzu muka bar Damaturu. Ya ruwa? Ya mutanen gida?"

"Alhamdu lillahi. Ruwa ya janye, mun dawo gida. Kar ka sa damuwa a ranka, kayanka duk mun fitar. Katifa, takalma, har babban akwatin kiɗan nan. Sai da aka tara maza kafin ya ɗagu."

"Kun fitar da shi ina?"

"Tsakar gida mana. Tun jiya yake shan rana."

Yoila ya ƙara manna wayar a kunnensa.

Abin da Ya Bintu take kira akwatin kiɗa fiyano ne na katako, irin mai tsayuwa a jikin bango, kuma a duniya Yoila ba shi da abin da ya kai shi. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya ci rabin gari, shi yana can yana yawon bukukuwa tsakanin Kaduna da Jos, a bayan wani matashin mawaƙi mai suna Mahmud. Da ƙyar ya sami Kashim a waya a lokacin, ya ce masa sun ɗora fiyanon a kan bulo kafin su gudu, kuma ruwan da ya shiga ɗakin bai kai ga madannai ba. Wannan maganar ce ta riƙe shi har aka gama bukukuwan. Fiyanon da ya jiƙe daga ƙasa yana iya rayuwa, in dai an bar shi a inuwa ya bushe a hankali. Amma a bayansa akwai wani siririn allo wanda shi ne ke ba wayoyin ciki murya, kuma jiƙaƙƙen allo in ya haɗu da ranar Maiduguri, tsagewa yake yi. In ya tsage, shi ke nan. Babu kafintan da zai gyara shi.

"Ya Bintu," ya ce a hankali, domin tsohuwa ce, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba, "na gode ƙwarai. Amma don Allah kar ku wahalar da kanku. A mayar da shi ɗaki kawai."

Ta yi wata 'yar gajeruwar dariya mara ƙarfi. "Wace wahala? Kai kullum kunya. Ɗakin ma duk laka ne. Ka bar mana."

"Ba kunya ba ce. Rana ba ta yi masa kyau. Ina mai gida, Ba Sa'id? A ba shi wayar."

"Ka dai iso tukuna," ta ce. Daga nan sai sabis ya ɗauke.

Ya kira, ya sake kira. Wayar sai ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu. Ta taga yana ganin daji kore shar, ga ragowar gidajen da aka ƙona tun shekarun rikici, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Rana tana hawa, babu ko ɗigon girgije.

"Malam, wannan abin naka ya kusa karya min gwiwa," in ji matar da ke kusa da shi. 'Yar kasuwa ce, ta riga ta gaya wa duk motar cewa sunanta Hajiya Hajara, asalinta Kano, kuma shagonta na lafaya a Kasuwar Monde ya kwana cikin ruwa har rufi. "Gawa ce a ciki ko me?"

"Kibod ne, Hajiya. Kayan kiɗa."

"Au, makaɗi ne. To wanda ake shanyawar fa?"

Ashe duk ta ji. Ya yi mata bayani a taƙaice, ta saurara tana tauna goro.

"Ikon Allah. Mutane na neman inda za su sa haƙarƙari, kai kana neman wa akwati inuwa. Ga wani a cinyarka. Ba duk kiɗa ba ne?"

Yoila ya dubi jakar da ke cinyarsa. Ta ina zai fara? A cocin Biu ya fara sa hannu a madannai yana yaro, a kan wani tsohon ogan da ake hura wa iska da ƙafa. Daga nan Legas, inda wani mai busa ɗan Gana ya zaunar da shi ya koya masa kiɗan jaz, yana dukan bayan hannunsa da murfin biro duk lokacin da ya yi gaggawa. Ya yi kiɗa a otal-otal na Kwatano da Abijan da Duwala. Har Turai an taɓa kai su wani lokacin sanyi, ya yi wasa da safa biyu a ƙafa, mutane suna zaune shiru suna jin abin da hannunsa na hagu yake yi. Da ya gaji da yawo ya dawo gida, wani kulob a GRA ya ɗauke shi. Sai rikici ya zo, dokar hana fita ta kashe kulob ɗin, manaja ya ce ya kwashe fiyanon kafin gara ta cinye. Ba Sa'id, mai sana'ar wankin hula, shi ne kaɗai ya yarda ya ba Kirista makaɗi ɗaki a irin wannan lokaci. Da wasu samari masu tsattsauran ra'ayi suka zo tambaya, ya rufe fiyanon da bargo ya ce musu kabad ne. Tun daga ranar yake tsokanarsa da suna Gonin Kabad, wato gwanin kabad.

Yanzu abin da ya rage na sana'ar shi ne bin Mahmud daga biki zuwa biki. Kibod ɗin yana da maɓallin da ke buga ganga da kansa, Mahmud kuma ba ya son komai sai a maimaita abu ɗaya har ya gama kiran sunayen dangin amarya. In Yoila ya ɗan saka wani abu nasa a tsakani, sai ya waiwayo da makirfo a hannu ya ce, "Baba, a daidaita mana." Jaz sai a ɗaki, da la'asar, taga a rufe, a kan wancan fiyanon. Nan kaɗai yake tuna cewa ya iya wani abu.

A shingen sojoji na Benishek aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Yoila ya rungumi jakarsa ya bi layi. Ƙasa ta riga ta yi zafi, yana jin ta ta cikin takalmi. Wani soja ya sa ya zuge jakar, ya danna madanni ɗaya da yatsa, bai ji komai ba.

"Ya lalace?"

"Sai da wuta yake yi."

"To ka kai shi garin da ke da wuta," in ji sojan, ya yi dariya, ya ɗaga masa hannu.

A can gefen shingen, inda ake jiran mota ta ƙaraso, sabis ya dawo. Ya kira da sauri. Ya Bintu ce ta sake ɗauka. A bayanta yana jin muryoyin mata da yawa, ya ɗauka masu taya kwashe laka ne.

"Ya Bintu, an shigar da shi?"

"Ai yanzu rana ta yi daɗi. Kashim ya buɗe masa baki da ciki, iska na shiga ko'ina."

"Ya buɗe?"

"Ya cire allon gaban. Yaron nan ya yi aiki, wallahi."

"Ya Bintu, ki saurare ni. Ko zani ne a rufa masa. Ko tabarma. A ja shi gindin bango."

"Tabarmi duk suna da aiki yau. Kai dai ka kwantar da hankalinka."

Abin da ya faru bayan wannan, Yoila bai san daga ina ya fito ba. Ya ji muryarsa ta tashi, irin tashin da bai taɓa yi ba ko a gaban Mahmud.

"Wa ya sa ku? Wa ya ce ku taɓa min kaya? Na ce a mayar, na ce a mayar, ba kya ji ne? Hula ce? Komai a wurinku hula ne, a wanke a shanya! Kun kashe ni, Ya Bintu, kun kashe ni ina raye!"

Fasinjoji suka juyo. Wani dattijo mai carbi ya ce, "Subhanallahi." A wayar babu abin da ke fitowa sai muryoyin matan nan daga nesa. Can Ya Bintu ta ce, da wata murya siririya, "To. Allah ya kawo ka lafiya." Ta kashe.

Da suka koma mota babu wanda ya yi masa magana. Sai da suka wuce Auno Hajiya Hajara ta tofar da goronta ta taga.

"Sa'ar uwarka ce fa, daga jin muryarta."

"Na sani."

"Ka sani. To ni tambaya ɗaya zan yi maka, in ka ga dama ka amsa. Gidan ba namiji ne? Me ya sa tsohuwa ce ke kiranka tana ba ka labarin katifa?"

"Mai gidan ba ya son waya," in ji Yoila. Gaskiya ne kuwa, Ba Sa'id ba ya son waya. Hajiya ta dube shi, ta gyara lafayarta.

Warin ne ya fara tarbarsu tun kafin su kai tsakiyar gari, warin laka da ruɓaɓɓen hatsi da wani abu da ba a son a ambata. Yoila ya sauka a tasha ya shiga keke napep, jakar ta leƙo waje ta gefe ɗaya. Ta Bolori abubuwa da sauƙi, amma suna gangarawa wajen kogi sai ya ga layin ruwan a jikin kowane bango, ja-ja, a wani wuri iya ƙugu, a wani wuri sama da ƙofa. Garin gaba ɗaya an fito da shi rana. Katifu a kan katanga, littattafan makaranta a buɗe a kan kwalta an danne da duwatsu, shinkafa baƙa a kan leda, kujeru, hotunan aure, firij a kwance da baki buɗe. Kowa abin da ya sani ke nan, kuma daidai ne ga komai. Ya rufe ido. Ya fara shirya maganar da zai faɗa wa Ba Sa'id, domin shi ne zai shiga tsakani ya ba Ya Bintu haƙuri, kamar yadda ya saba gyara duk abin da ya ɓaci a gidan.

A bakin lungunsu mai keke ya rage gudu da kansa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Maza suna zaune jeri, takalma a gefe, buta a tsakiya. Wani yana ɗaga hannu, sauran suna shafawa.

Yoila ya tsaya da jakarsa a kafaɗa. Kashim ya taso daga cikin mutanen, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya karɓi jakar ya jingine ta a bango, ya riƙe hannun Yoila da hannu biyu.

"Lale, Malam Yoila. Baba ya rasu."

"Yaushe?"

"A makarantar da aka tsugunar da mu. Zazzaɓi da gudawa. Can muka yi masa sutura. Da muka dawo ne mutane suka fara zuwa gaisuwa." Ya sunkuyar da kai. "Ya ce ta hana a gaya maka. Ka san ba a faɗa wa matafiyi mutuwa yana kan hanya."

Da Kashim ya ce Ya, uwarsa yake nufi. Yoila ya gyaɗa kai. Ƙafafunsa suka kai shi tabarma, ya cire takalmi ya durƙusa. Ya gaisa da liman, ya gaisa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da aka ɗaga hannu shi ma ya buɗe nasa a kan gwiwa, yadda ya saba yi a irin wannan zama tun zuwansa unguwar. Aka miƙo masa ruwa a kofin silba, ya kurɓa ya ajiye.

Bayan an ɗan natsa Kashim ya taɓa shi. "Zo ka gaida Ya. Ka ga kayanka kuma."

Tsakar gidan ta canza. Bangon baya ya zube, ɗakin girki babu rufi. A gefe an jera ƙananan kututturan da ake ɗora hula in an wanke, babu hula ko ɗaya a kansu. A tsakiya, inda rana ta fi tsayawa, fiyanon yana nan a tsaye, an cire murfinsa da allon gabansa an jingine. Bai taɓa ganinsa a waje ba. Ya yi masa ƙanƙanta.

"Baba ne ya ce a fara ɗaga shi, ranar da ruwa ya zo," in ji Kashim. "Muna cewa a kwashi hulunan mutane, ya ce a'a, mai shi ba ya nan. Shi ya riƙa tura bulo da ƙafa muna ɗagawa." Ya share hanci da bayan hannu, sai kuma fuskarsa ta ɗan saki, irin ta mai sana'a da zai nuna aikinsa. "Duba ciki. 'Yan sandunan nan masu kan ulu, duk sun yi baƙi da danshi. Na bi su ɗaya-ɗaya da burushi da sabulu. Ulu ai mun san shi. Har ɗan sitaci na sa musu don su tsaya."

Yoila ya matso. 'Yan gudumomin da ke bugun wayoyi sun yi fari tas, sun kumbura, sun bushe ƙamas kamar ƙashi. A wasu, ulun ya saki daga jikin katakon ya buɗe baki. Wayoyin sun fara tsatsa. Fatar katakon gefe ta tashi ta nannaɗe. Ya ɗora tafin hannu a sama, zafi ya sa ya janye.

Hannunsa na dama ya tafi kan madannai da kansa. Kafin yatsa ya sauka, Kashim ya riƙe masa wuyan hannu, a hankali, cikin jin nauyi.

"Malam Yoila, ana zaman makoki."

"Haka ne. Yi haƙuri."

Sai ya zagaya baya. Ya durƙusa a cikin busasshiyar laka, ya zura hannu tsakanin ginshiƙan, ya bi siririn allon da yatsu daga sama, yadda likita ke taɓa ciki. Bai yi nisa ba farcensa ya faɗa. Ya bi tsagar, ta gangara, ta ci gaba da gangarawa har inda hannunsa ba ya kaiwa. Kusa da ita akwai wata. Da ya kara ido, yana hango hasken tsakar gida ta ciki.

Ya daɗe a durƙushe a wurin, domin a bayan fiyanon babu mai ganin fuskarsa.

"Yoila ne?" Muryar ta fito daga ɗakin da ke kusa da zaure, ta bayan labule. Ya Bintu ta shiga takaba, ba za ta fito ba.

Ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, ya je ya tsuguna a bakin ƙofar. Ta ƙasan labulen yana ganin ƙafafunta a kan tabarma da gefen baƙar lafaya, ga ƙafafun wasu mata a kusa.

"Ya Bintu, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Ba Sa'id. Allah ya sa ya huta."

"Amin. Amin. Ka zo lafiya?"

"Lafiya. Ya Bintu, maganar da na yi a waya..."

"Hanya ce. Hanya tana sa mutum haka. An ba ka ruwa?"

"An ba ni."

Yana jin ƙarar carbinta. Da ta sake magana muryar ta yi ƙasa, kamar ba ta son matan su ji.

"Kullum a makarantar nan sai ya tambaya ko ruwa ya kai masa. Yana kwance ba ya iya shan koko, yana tambayar akwatinka. Na ce masa ni zan kula da shi. Ban iya komai a kansa ba, Yoila, abin da na sani na yi." Carbin ya tsaya. "Ka duba? Bai lalace ba ko?"

Kashim yana tsaye a bayansa yana jira. Ƙafafun matan da ke cikin ɗakin sun daina motsi. Yoila ya dubi hannayensa, akwai laka a ƙarƙashin farcen da ya shiga tsagar. Ya goge a jikin wando.

"Bai lalace ba, Ya Bintu. Kun yi ƙoƙari."

"Alhamdu lillahi." Ya ji ta sauke numfashi mai tsawo. "To a shigar da shi yanzu, tunda ka ce inuwa yake so? Kashim, kira maza."

Yoila ya waiwaya. Mazan da za a kira su ne waɗanda ke zaune a tabarma, yawancinsu tsofaffi, kowa da tasa asarar, wasu tun safe ba su ci komai ba.

"A'a, a bar su su zauna," ya ce. "Ke kika yi daidai. Bai gama bushewa ba. A bar shi ya ƙara shan rana."

Ya miƙe ya nufi zaure. Yana sa ƙafa a ciki wata waya ta tsinke a cikin fiyanon, ƙara ɗaya mai kauri da ta daɗe tana rawa a tsakar gidan. Kashim ya zabura ya juya. Yoila ya fita waje, ya sami gefen tabarma kusa da liman, ya zauna.